Mounira Za Ta Hau Dutse

Greensboro, tsakiyar Mayu

Jimmai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, jikin Inna kuma yana sauƙi. Ki yi mata sannu, ki ce surukinta bai manta da ita a addu'a ba. Mu nan lafiya lau. A wurin aiki an mayar da ni na safe, yanzu ina riga Mounira isowa gida.

Na zauna rubutu ne don a waya ba ma kai magana ƙarshe. Ko rezon waya ya yanke, ko Inna ta kira ki, ko ni da ke mu fara ɗaga murya.

Kin san Anti Azaratu, nas ɗin nan 'yar zangon Kumasi da kuke gaisawa a masallaci. Ita ta kawo maganar. Akwai wani sansani da ake yi lokacin dogon hutu, na yara masu ciwon suga irin na Mounira. Ba irin wanda ake kwana a ɗaki ba ne. Jaka za su goya su shiga duwatsun da ke yamma da nan, su yini suna tafiya, su kafa tanti inda yamma ta same su, kamar mako guda. Da likita a cikinsu da nas-nas, Azaratu na ciki. Na tambayi abinci, na tambayi wurin kwanan 'yan mata da maganar salla, duk na gamsu.

Tun da kika tafi jinyar Inna yarinyar nan ba ta nemi komai da bakinta ba sai wannan. Na ce mata me za ki samu a daji wanda babu a unguwarmu Glenwood? Ta ce, “Baba, a can in famfon insulin ɗina ya yi ƙara ba mai waiwayowa. Kowa nasa na yi.”

Abu ɗaya ne ba na so ki ji daga bakin wani. A can babu rezo. Lambar sugar da sensar hannunta ke turo miki a waya za ta ɗauke daga ranar shiga har ranar fita.

Ban amsa musu ba tukuna. Ina jiran ki.

Naki,
Zabeirou

*

Damagaram, ƙarshen Mayu

Malam,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso. Inna ta amsa gaisuwa, jiki da sauƙi, hannun da ya shanye ya fara riƙe kofi in an tallafa mata. Zafi ne dai ya yi yawa, kuran ɗin lantarki kuma sai ya ga dama yake zuwa.

Na karanta, na ajiye, na sake karantawa. Malam, kai sunan ciwon nan ka sani. Ni na raine shi tare da ita tun tana 'yar shekara tara. Ni na koyi auna tuwo da ido, ni na koyi soka wa 'yata allura ina mata dariya don kada ta ji tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da tafiya daga gida zuwa tashar bas ke saukar mata da suga, ita za a ɗora wa kaya a ce ta hau dutse?

Kuma ka san ba don wayar nan ba da ban iya tahowa ba. Ina dama wa Inna kunu ina leƙa ta. Ina shanya ina leƙa ta. In na ga layin a miƙe sai in ji kamar Mounira na ɗaki na gaba. Yanzu ka ce a rufe mini ido mako guda, a kuma zaɓi makon da ya fi kowane haɗari.

Anti Azaratu mutuniyar kirki ce, ban ce a'a ba. Amma yara nawa za ta duba? Ni ɗaya gare ni.

To, ina nesa, bakina bai kai can ba. Kai ne ubanta, kai ke kusa. Ka yi abin da ka ga ya fi.

Ka ce mata ta daina barin abincin rana in ta je lekwal karatu, ina gani a lambar.

Jimmai

*

Greensboro, ƙarshen Mayu

Jimmai,

Sallama da gaisuwa. Na yi murna da jin hannun Inna ya fara motsi, Allah ya ƙara sauƙi.

Allah ya saka miki da alheri. Na san bai zo miki da sauƙi ba, amma da na kai inda kika bar mini zaɓi sai na ji an sauke mini kaya. Na sa sunanta. Da na gaya mata Mama ta yarda, sai da ta tambaye ni sau biyu, sannan ta shige ɗaki na ji tana tsalle.

Gidan nan ya zama kasuwa. Mun sayo takalmin hawa dutse, an ce sai ta yi ta sa shi ya saba da ƙafa, don haka da shi take wanke-wanke. Azaratu ta zo ranar Lahadi ta zazzage jakar a tsakar falo, ta ware rabi ta ce a mayar. Abin da ta hana a taɓa shi ne kayan ciwon: komai biyu-biyu, sensa da igiyar famfo, da allurar hannu ko famfo zai lalace, da tsohuwar na'urar nan ta tsaga yatsa da muka jefa a durowa. Akwai wata 'yar jaka da ake jiƙawa da ruwa ta riƙe wa insulin sanyi, kamar randa. Ta ce alawar suga a aljihun gaba za ta zauna, inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.

Kullum da yamma Mounira na goya jakar ta zaga unguwa. Tsohon nan maƙwabcinmu ya tare ni yana tambaya ko 'yata guduwa take shirin yi daga gida.

Ranar Asabar da safe zan kai ta wani dutse arewa da gari, mu gwada ƙafa. Ki yi wa gwiwoyina addu'a.

Zabeirou

*

Damagaram, Lahadi

Malam,

Muna lafiya. Yaushe na yarda?

Duk zaman da muka yi da kai ba ka san abin da nake nufi ba in na ce ka yi abin da ka ga ya fi? Har ka je ka ce wa yarinya Mama ta yarda. Yanzu in na buɗe baki ni ce mai ƙwace mata abin da aka ba ta.

Bari in gaya maka yadda Asabar ɗinku ta kasance a nan. Bayan Azahar ina yi wa Inna wanka sai waya ta fara kuka. Na duba, kibiya ta kalli ƙasa. Na ɗauraye hannu na sake dubawa, lambar ta zama ja, tana ci gaba da sauka. Na kira ka, ba ta shiga. Na kira ta, ba ta shiga. Sai lambar ma ta ɓace, allon ya zama fari. Na bar uwata zaune a kan kujera da kumfa a bayanta, na fita tsakar gida cikin rana ina ɗaga waya sama kamar mahaukaciya, ina zaton laifin rezon nan ne. Inna na kirana da harshenta mai nauyi, ban iya amsawa ba.

Sai bayan La'asar saƙonka ya shigo: “Lafiya lau, mun sauko.” Shi ke nan abin da na samu.

Wannan rabin yini ne, kana tsaye kusa da ita. Ka cire sunanta.

Jimmai

*

Greensboro, Talata

Jimmai,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki ba ta haƙuri a madadina kan wankan nan, ni na jawo.

Na koma na karanta wasiƙarki ta farko. Gaskiyarki. Abin da nake so in gani shi na karanta. Ki yafe mini. Amma ki bari in ba ki labarin Asabar daga nan ɓangaren, kafin a yanke.

Mun yi nisa da hawa, ni ke baya ina haki. Sai na ga ta tsaya ta sauke jaka ta zauna a kan wani falalen dutse. Ta ce, “Baba, tsaya.” Goshinta duk zufa, leɓenta ya yi fari, yatsunta na rawa. Ta ce ɗoki ya sa ta manta ta rage famfo kafin mu fara, laifinta ne. Ta tauna alawa, ta jira, ta tsaga yatsa. Sugar ba ta hau ba. Ta ƙara.

Ni kuwa hankalina ya tashi. Na ce zan goya ta, ta ƙi. Na ce to bari in ruga ƙasa inda akwai rezo in kira motar asibiti. Sai ta kama bakin wandona ta ce, “Zauna. In ka tafi na suma, wa zai fesa mini magani?” Ta ciro maganin gaggawar nan na hanci ta ɗora mini a tafin hannu, ta nuna mini inda ake dannawa. Jimmai, kullum ina ganin abin nan a jakarta, ban taɓa sanin yadda ake amfani da shi ba. Na zauna riƙe da shi ina salati, ita tana kallon bishiyoyi. A hankali jini ya dawo mata fuska. Ta ci burodi da man gyaɗa. Saura kaɗan mu kai ƙololuwa, na ga tana kallon wajen, amma ita da kanta ta ce mu juya, yau ba rana ba ce.

A mota rezo ya dawo, kiranki ya yi ta shigowa a jere. Ta kalli wayar ta fashe da kuka. Na ce ciwon ne? Ta ce a'a. Ta ce, “Mama ba ta tambayata yaya nake, ta riga ta gani. Sai dai ta ce me na ci.” Na yi mata faɗa, na ce uwa ba a yi mata haka. Ta share ido ta ce, “Baba, nan gaba kaɗan jami'a zan tafi. Ba gara in koyi faɗuwa inda likita ke bayana ba?” Na yi ta tunanin ko in ɓoye miki wannan, na ga ɓoyewar ta fi muni.

Na gaya wa Azaratu komai, ina zaton za ta ce a fasa. Kin san Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji. Cewa ta yi, “Ei, Malam, ai ya yi daidai. Ya ji a jikinsa, ya zauna, ya ci, ya san lokacin juyawa. Abin da za mu koya musu ke nan.”

Ban cire sunan ba, ban kuma ce mata za ta je ba. Na gaya mata gaskiya, cewa ni ne na yi miki gurguwar fahimta. Ta ci gaba da zaga unguwa da jakarta.

In kika sake cewa a cire, a fili, zan cire.

Zabeirou

*

Greensboro, bayan Sallar layya

Jimmai,

Barka da Salla. Mun yi idi, mun ci nama a gidan Azaratu, kowa na tambayarki.

Na kira, wayarki a kashe. Na rubuta, shiru. Mounira ta ce kin daina turo mata saƙo ko da sugarta ta hau, ta ce Mama ta yi fushi da ita. Ranar Salla da gangan ta sha lemo ta zauna tana kallon waya, ba ki kira ba. In fushi ne, da ni za ki yi, ba da ita ba. In kuma wani abu ne ya faru, don Allah ki sa wani ya sanar da ni.

Zabeirou

*

Damagaram, ƙarshen Yuni

Malam,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Salla, ko da ta wuce. Ba fushi ba ne. Jajibirin Salla ciwon Inna ya sake bugun ta, muka kwashe ta sai asibiti. Waya ta faɗa mini a bokitin ruwa a wannan rikicin, ban ma bi ta kanta ba. Yanzu mun dawo gida. Inna ba ta tashi, magana sai ka kai kunne. Likita ya ce mu yi ta addu'a, ka san abin da hakan ke nufi.

Da aka gyaro wayar, wasiƙunka biyu na tarar. Kafin in karanta su sai da na buɗe lambar Mounira. Na ja layin baya, duk kwanakin da ban duba ba. Ga shi nan yana hawa yana sauka. Inda ya sauka, an ɗaga shi. Inda ya hau, an sauko da shi. Babu hannuna a ko ɗaya. In gaya maka gaskiya, Malam, ba daɗi na fara ji ba. Ji na yi kamar an sallame ni daga aiki ba a gaya mini ba. Sai daga baya na yi alwala na yi godiya.

Maganar da ta faɗa a mota ta yi mini zafi. Na so in ce ƙarya ne, na duba saƙonnin da na tura mata tun zuwana, na rasa wanda babu abinci ko lamba a ciki.

Na ba Inna labarin dutsen, don in ga ko tana fahimta. Ta daɗe tana motsa baki. Da na kai kunne sai na ji ta ce, “Wahalar da muka sha dole, su nema suke.” Ta yi 'yar dariya da rabin fuska.

Ga abin da za ka gaya wa Anti Azaratu, ba ya cikin takardun likita. In sugar Mounira ta fara sauka ba ta yin rigima kamar sauran yara, ladabi take ƙarawa. In aka ji tana ta cewa ba komai, na gode, a sa ta ta auna. Tana jin kunyar cin abu a gaban mutane in su ba sa ci. Ranar da ta sha tafiya, ba a hanya abin ya fi kama ta ba, sai ta kwanta, kuma barcinta nauyi gare shi, ƙarar famfo ba ta tashin ta. A haɗa ta tanti da mai saurin farkawa. Sensa ba ta zama a hannunta na dama in ta yi zufa, a ƙara filasta.

Zuciyata ba ta kwanta ba, kada ka ce mata ta kwanta. Amma wannan karon abin da na rubuta shi nake nufi, ba sai ka nemi wani abu a ƙarƙashinsa ba: ta je.

Zan kira ta gobe. Ba zan tambaye ta abin da ta ci ba, in Allah ya ba ni iko.

Jimmai

*

Greensboro, ƙarshen Yuli

Jimmai,

Gaisuwa, da sannu ga Inna. Su Mounira sun tafi yau da hantsi.

Ban san me kuka tattauna ranar nan ba, ta rufe ƙofa kun daɗe, ta fito ido jawur tana murmushi. Ban tambaya ba.

A wurin taruwa na ga abin da take nufi. Yara cike da fili, kowa da farin abu manne a hannu. Wani famfo ya yi ƙara, sai kusan su duka suka duba ƙugunsu, suka kwashe da dariya. An haɗa ta da wata yarinya daga garin McLeansville wadda uwarta ta ce ko ganye ya faɗi sai ta farka. Azaratu ta haddace saƙonki. Likitan ya nuna mana wata waya da ke aiki ta tauraron ɗan'adam, ya ce ta gaggawa ce kawai, daga can ko daga nan.

Mounira ta ɗaura ɗankwalinta ta ɗora hular rana a kai. Jakar ta fi ta faɗi. Ta ce in gaya miki ta rage famfo.

Bayan Azahar lambar ta ɗauke a wayata. Na san ta ɗauke a taki. Gidan ya yi girma.

Zabeirou

*

Damagaram, Laraba

Malam,

Na gode da kiran jiya. Ban iya magana ba, mutane sun cika gidan, shi ya sa nake rubutowa.

Inna ta cika ne da hantsi, kanta a cinyata. Na ba ta ruwa da cokali ta haɗiya, ta yi kalmar shahada a hankali, shi ke nan. An kai ta kafin La'asar. An yi ruwan sama da safe, ƙasa ta yi laushi. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Ka tambaye ni ko a kira wayar gaggawar a sauko da Mounira. Na kwana da tambayar. Ba abin da nake so a duniya yanzu irin in ji muryarta. Sau nawa na ɗauki waya na buɗe wurin lambar, na san babu komai, ina dai kallo.

Kada ka kira. An riga an rufe Inna, ko an sauko da yarinyar ba abin da za ta tarar sai kai da falo. Kuma tashin hankali na hargitsa mata suga, ba na so labarin ya same ta a kan dutse. Ta sha wahala kafin ta kai inda take. A bar ta ta sauko da ƙafarta.

In ta dawo kada ka gaya mata. Ka bari ta ci abinci ta huta. Kakarta ce, uwata ce, ni zan faɗa mata da bakina.

Jimmai

*

Greensboro, Asabar

Jimmai,

Ya ƙarin haƙuri? Allah ya gafarta wa Inna. Jama'ar masallaci sun yi mata addu'a jiya bayan Juma'a, suna yi miki ta'aziyya.

Mounira ta dawo. Ta yi baƙi, ta rame kaɗan, dunduniyarta duk bororo, jakar na warin hayaƙi. Sun kai ƙololuwa. Azaratu ta ce sau ɗaya abin ya kama ta sosai, abokiyar tantinta ta tashe ta, ta sha abin da za ta sha ta koma barci. Wata rana kuma ita ce ta lura da wani yaro ya yi shiru a hanya, ta zaunar da shi.

Tun daga mota bakinta bai rufe ba. Ta ce ta yi salla a wurin da gajimare ke ƙasa da ita. Ta ce akwai wani tudu da ta kusa kasawa, sai ta tuna yadda Inna ke cewa ƙafa ba ta san nisa ba, ido ne matsoraci. Ta ce in kika samu lokaci ki kara wa Inna waya a kunne ta ba ta labari da kanta. Na ce to. Na riƙe sitiyari da hannu biyu har gida.

Ta ci abinci. Yanzu tana wanka, ina jin ta tana waƙa. In ta fito zan kira ki in miƙa mata, ni kuma zan zauna kusa da ita.

Zabeirou